Ka Samu Gurbin Masta? Madalla, Amma Nemi Littafin Dokokin Nan Tukuna

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin digiri na biyu da na uku, sai ka ga Facebook da WhatsApp sun cika da hoton takardar admishan, an rufe lamba da ɗan yatsa, a ƙasa an rubuta Alhamdulillah, 'yan uwa da abokai suna ta Allah ya sanya alheri. Mu ma mun taya ku murna. Sai dai ka ɗan yi lissafi a cikin abokanka. Mutum nawa ne suka ɗora hoton shiga shekara 4 ko 5 da suka wuce, kuma nawa ne a cikinsu ka ga hoton fitarsu? Sauran suna nan. In ka tambaye su ya karatu, sai su ce ana nan ana fama, su canja zance.

Yawancinsu fa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Kwasa-kwasan shekarar farko sun ci su lafiya lau. Inda tafiyar ke cijewa shi ne bayan an gama shiga aji, lokacin da aka ce je ka yi bincike, aka bar ka daga kai sai malamin da zai duba maka aiki, wato sufabaiza. A nan babu jadawalin lacca, babu wakilin aji da zai tuna maka gobe akwai gwaji, ga shi kwanaki suna tafiya, kuɗin rajista yana ci. Ra'ayin wannan fili shi ne, wannan zangon yana da dokoki a rubuce, yana da haƙƙoƙi a rubuce, kuma ɗalibin da ake bari a baya shi ne wanda bai san su ba, bai kuma ajiye shaidar abin da yake yi ba.

ABU Zariya, Bayero ta Kano, Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, Jami'ar Maiduguri, kowacce tana da makarantar da ke kula da karatun gaba da digirin farko, kuma kowacce tana da littafin ƙa'idojinta. Wani wurin ana ba ka shi ranar rajista, wani wurin sai ka je ofis ka nema, ko ka sauke daga shafin jami'a. Ɗalibi zai sayar da fili ya biya kuɗin makaranta, amma littafin nan bai taɓa buɗe shi ba. A ciki ne za ka ga mafi ƙarancin lokacin da za ka iya gamawa da kuma mafi yawansa. Digirin digirgir na cikakken lokaci a yawancin jami'o'inmu ba ya gaza shekara 3, amma abin da ya fi shafarka shi ne iyakar sama, wato lokacin da idan ka wuce shi jami'a tana da ikon soke sunanka. A ciki ne kuma za ka ga cewa rajista ta kowace shekarar karatu ce, ko da ka daina shiga aji, ko da babinka ya yi wata 6 a kan teburin malam. Da yawa suna ɗauka da zarar an gama kwas biyan kuɗi ya ƙare sai ranar kare kundi. Ranar ta zo, a ɗauko fayil, a ce akwai bashin shekara 2, ko ma a ce ai a takarda ka daɗe da barin makaranta.

Idan rashin lafiya ta same ka, ko an yi maka canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ko ke 'yar uwa haihuwa ta zo, akwai hanyar dakatar da karatu a hukumance. Takarda ake rubutawa, ta bi ta hannun shugaban sashe, a amince, ka riƙe kwafi mai hatimi. Gaya wa malam da baki a ƙofar masallaci bai wadatar ba, ko da ya ce ba komai, Allah ya sawwaƙe. Malamin nan yana iya tafiya hutun shekara, yana iya yin ritaya, yana iya komawa wata jami'a, rai kuma na Allah ne. Wanda ya gaje shi fayil zai duba. Haka batun yajin aiki. ASUU ta yi wata 9 a 2020, daga Maris zuwa Disamba, ta sake yin wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan irin haka ta sake faruwa kana tsakiyar bincike, ka tambayi sashenka yadda za a lissafa watannin da aka rasa, kuma ka nemi sanarwar da ta faɗi haka ka ajiye.

To, sai babbar magana, sufabaiza. Mu faɗi gaskiya, aiki ya yi wa malamanmu yawa. Farfesa ɗaya yana koyar da 'yan digirin farko, yana da ɗaliban masta da na digirgir rututu, yana zaman kwamitoci, wani kuma yana zuwa wata jami'a koyarwa saboda albashi ba ya kai ƙarshen wata. Abokan aikinsa da dama sun bar ƙasar, an ɗora masa ɗalibansu. In ka gane haka za ka daina jiran ya neme ka. Ba zai neme ka ba. Kai aikin mutum ɗaya ne a gabanka, shi kuwa wataƙila ya manta ma taken bincikenka.

Tun zaman farko ka tambaye shi cikin ladabi: Malam, yaya kake son in riƙa kawo aikin, bugagge ko ta imel? Babi-babi ko gaba ɗaya? Wace rana ce ta fi maka sauƙi? Bayan kowane zama, kafin ka kwanta, ka tura masa gajeren saƙo: na gode Malam, ga abin da na fahimta ka ce in gyara, ɗaya, biyu, uku, in sha Allah zan kawo ranar kaza. Wasu za su ce wannan ai rashin kunya ne. A'a. Saƙon yana tuna masa inda kuka tsaya, yana rage masa wahala, kuma ranar da ya ce wa ya ce ka rushe babi na uku, sai ka nuna masa cikin girmamawa. Takardun da ya yi wa jan biro kada ka yar da ko ɗaya. Idan akwai fom na rahoton ci gaban aiki da ake cikewa duk zango, ka bi shi da ƙafarka har a sa hannu, ka ɗauki hotonsa. A digirgir galibi malamai 2 ko 3 ne ke duba aikin, kuma sukan saɓa. Wannan ya ce ka ƙara, wancan ya ce ka cire. Kada ka zama ɗan aike mai kai maganar wannan wurin wancan, domin a ƙarshe kai za a ɗora wa laifin. Ka roƙi babban cikinsu ya haɗa zama ɗaya, ko na minti 20 ne, a yanke magana kana wurin.

Idan kuwa abin ya ƙi, wata 4, wata 5 babu amsa, ko kullum sai wulaƙanci, littafin dokoki ya tanadi hanyar koke, har da canjin malami. Ana farawa daga jami'in da ke kula da ɗaliban gaba da digiri a sashe, sai shugaban sashe, sai shugaban makarantar. Mun san hannunka yana ƙaiƙayi ka rubuta a Facebook, ka samu sharhi 300 na masu taya ka baƙin ciki. Ka yi haƙuri. Duniyar malaman jami'a a Arewa ƙarama ce, mai jarrabawar da za a gayyato daga wata jami'a wataƙila ajinsu ɗaya da wanda ka zaga. Takardar koke mai kwanan wata, da jerin ranakun da ka kai aiki, ta fi sharhi 300 amfani a gaban kwamiti.

Akwai wani abu da kowa ya sani amma ba a son faɗa. A wasu sassan an mayar da shi kamar doka cewa ɗalibi ne zai kawo abinci da lemo ranar semina, wani wurin har da ambulan. Babu littafin dokokin da muka san ya rubuta haka. Kyauta don Allah bayan an gama daban, abin da aka ɗora wa ɗalibi yana tsoron faɗuwa daban. Jami'ar da ta karɓi kuɗin jarrabawa ita ya kamata ta shayar da masu jarrabawa. Mafi muni shi ne abin da ke samun 'yan uwa mata. A 2018 kotu ta ɗaure wani farfesa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife shekara 2, bayan ICPC ta gurfanar da shi kan neman lalata da ɗalibar digiri na biyu don ya ba ta maki. Abin da ya kama shi muryarsa ce da aka naɗa a waya. 'Yar uwa, ki riƙa ganin malami a ofis, a lokacin aiki. Saƙon da bai dace ba kada ki goge shi don jin kunya, ki ajiye, ki gaya wa wani babba da kika yarda da shi tun abin bai yi nisa ba.

Zaɓen taken bincike ma yana da nasa lissafin, wanda ba na ilimi kaɗai ba. Take mai daɗin ji ne ka ce za ka yi nazarin makiyaya a dazukan Zamfara ko manoman Birnin Gwari, amma za ka iya zuwa ka dawo? Idan bincikenka na ɗakin gwaji ne, ka tambaya tukuna, na'urar da kake buƙata tana aiki ko tana lulluɓe da leda tun bara? Sinadaran gwaji da dala ake sayo su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ga cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun shekarar, kasafin da wani ya yi a 2021 ba zai kai ka ko rabin hanya ba. Ka zauna da wanda ya gama bara a sashenku, ku yi lissafi da biro: sufuri, masu taya ka raba takardun tambayoyi, gwaji, data, buga kwafi-kwafi na kowace semina, ɗaurin kundi. Idan jimillar ta fi ƙarfinka, gara ka rage faɗin binciken tun a matakin gabatar da tsari, kafin kwamiti ya amince da shi. Bayan an amince, canja ko kalma ɗaya a take sai ya koma neman izini.

Wanda bincikensa ya shafi mutane, musamman lafiyarsu, ba ya fara tattara bayani sai ya samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Ɗalibai suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Mu a Arewa bai kamata mu ga haka ba, domin mun san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, da kuma sahihancin takardar izinin binciken. Har yau wannan tabon yana cikin dalilan da ke sa mutanenmu ɗari-ɗari da duk wanda ya zo da takarda da allura. Ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa da aka fitar a 2007 ta wajabta neman izini da kuma yardar wanda za a yi binciken a kansa. Kwamitocin nan ba kullum suke zama ba, don haka ka miƙa takardunka da wuri. Takardar neman yarda ka fassara ta da Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Idan kuma za ka shiga gari, ka riƙe takardar gabatarwa daga sashe, ka fara da gaida hakimi ko dagaci ko mai unguwa. Minti 30 a zauren mai gari yakan buɗe ƙofofin da wata guda na yawo ba zai buɗe ba.

Batun tallafin kuɗi ba za mu yaudare ka ba, kaɗan ne. TETFund, da aka kafa da dokar 2011, tana ɗaukar nauyin ƙaro karatu, amma na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kuma ta hannun makarantarsu ake nema. PTDF tana ba da tallafin masta da digirgir a fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas. Akwai na ƙetare irin su Commonwealth da DAAD ta Jamus, masu buƙatar shiri tun da wuri. Sauran mutane aljihunsu ne da na iyaye. In kai ma'aikaci ne, ka nemi izinin ƙaro karatu a rubuce kafin ka fara, don kada ka gama a ce ba a san da digirin ba wajen ƙarin girma.

Amma akwai tallafin da ka riga ka biya kuɗinsa kana tafiya ka bar shi, shi ne laburare. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a ABU da takwarorinsa suna da sashen intanet, kuma jami'o'i da dama suna da rajista da Research4Life, tsarin da ke buɗe wa ƙasashe irin namu dubban mujallun ilimi: Hinari na fannin lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli. Ma'aikacin laburare ne ke riƙe da bayanin shiga, kuma sau da yawa yana zaune babu mai tambayarsa. AJOL tana tattara mujallun Afirka wuri ɗaya. Zotero kyauta ce, tana jera maka manazarta, ta hutar da kai daren da za ka kwana kana neman shekarar wani littafi. Masu tarihi da siyasa da harshe kuwa, Gidan Arewa da ke Kaduna, gidan Sardauna na da, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, suna ɗauke da abin da Google bai taɓa gani ba. Kundin da aka gina a kan takardun asali daga irin waɗannan wurare, mai jarrabawa yana gane shi tun daga shafukan farko.

Jami'o'i da yawa yanzu suna saka kundi a manhajar gano satar fasaha, irin su Turnitin, kuma kowacce tana da adadin kamanceceniyar da take yarda da shi. Ka san na jami'arku tun kana babi na ɗaya. Shagunan bakin geti da ke cewa kawo take mu rubuta maka, abin da suke sayarwa tsohon kundin wani ne aka canja wa suna da gari. Ko ya tsallake manhaja, ba zai tsallake tambaya ɗaya ba: me ya sa ka zaɓi wannan hanyar ƙididdiga? Sai ka ga mutum da babbar riga yana zufa a ɗaki mai sanyi. ChatGPT da ire-irensa suna da amfani wajen gyaran Turanci da fahimtar abin da ya shige maka duhu, amma suna ƙirƙiro sunan marubuci da littafin da babu shi a duniya, su jera maka shi tsaf kamar gaske. Duk abin da ba ka buɗe da idonka ka karanta ba, kada ya shiga jerin manazartarka. Ka kuma tambayi matsayin sashenku kan amfani da su.

Ga masu digirgir, jami'o'i da dama suna sharɗanta wallafa maƙala daga cikin binciken kafin a kira mai jarrabawa na waje. Nan ne 'yan damfara ke jira. Mujallar da ta turo maka imel tana kiranka farfesa, ta ce ka biya dala kaza a wallafa cikin kwana 3, ba mujalla ba ce, shago ne. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya shahara da jera sunayen irinsu har zuwa 2017 da ya rufe jerin, amma su ba su rufe ba. Kafin ka biya ko kwabo, ka tambayi sashe waɗanne mujallu suke karɓa. Mujallar kirki takan ɗauki watanni kafin ta ba da amsa, shi ya sa ake turawa tun ana babi na huɗu.

Wani ɗan ƙaramin abu, amma ya sa manya kuka. Da irin ƙwacen waya da satar kwamfutar da ake fama da su a garuruwanmu, aikin shekara 3 bai kamata ya kwana a na'ura ɗaya ba. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta. Ko kuma duk Juma'a ka tura wa kanka kundin ta imel, da kwanan wata a sunan fayil ɗin.

Duk wannan nauyin da muka ɗora maka bai wanke jami'o'i ba. Jami'ar da ta ɗauki ɗalibai fiye da malaman da za su duba su, tana karɓar rajista duk shekara, alhali babi yana kwana wata 6 ba a karanta ba, ta ci haƙƙin mutane. Abin da muke nema ba ya buƙatar kuɗi daga Abuja: a ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai riƙe, a rubuta iyakar makonnin da babi zai yi a hannunsa, a fitar da jadawalin semina tun farkon shekara, kuma ɗalibin da ya miƙa kundinsa yana jiran jami'a ta gayyato mai jarrabawa kada a sake cajinsa kuɗin sabuwar shekara. Ƙungiyoyin ɗaliban gaba da digiri, maimakon buga riga da kalanda, ga aikin da ya dace su sa a gaba.

Ranar da ka kare kundi a gaban mai jarrabawa na waje, aka tafa maka, aka fara kiranka Dakta a gida, da sauran aiki. Kusan kowa ana ba shi gyara, ƙarami ko babba, kuma gyaran yana da wa'adi. Ka roƙi aboki ya zauna a ɗakin, in an yarda, ya rubuta duk abin da aka ce, domin kai a lokacin ba ka cikin hayyacinka. Ka yi gyaran a makon, mai jarrabawa na cikin gida ya sa hannu cewa an yi, a ɗaure kundin da launi da yawan kwafin da aka ƙayyade, ka karɓi shaidar miƙawa. Daga nan sakamakon zai bi ta sashe, ya je makarantar gaba da digiri, sannan majalisar jami'a ta amince. Ka riƙa leƙawa ofis kana tambaya ko sunanka ya shiga jerin da za a kai zama na gaba, kuma ka duba da idonka an rubuta shi daidai da yadda yake a takardar digirinka na farko.